Da girmanka kana kuka a kan lilo?

A shekarar 2016, shekarata ta uku ke nan a Orlando ta Amurka, na ɗauko wani Bature daga filin jirgi zan kai shi masaukinsa. Dattijo ne, furfura ta ci rabin kansa, ga teɓa, irin mutumin da a gida za ka fara ce wa ranka ya daɗe tun kafin ka san ko wane ne. Tun da ya shigo mota idonsa na kan waya, sai tsaki yake ja. Da muka hau babban titi ya ɗago ya ce ko na ji abin da ake faɗa? Gabana ya yanke ya faɗi. Lokacin ana tsakiyar hayaniyar neman takarar shugaban ƙasa, mu kuma baƙi Musulmi kullum kunnenmu a buɗe yake, ba mu san da me gari zai waye ba. Na ce, me ya faru, yallaɓai? Ya ce wai za a taɓa Tower of Terror.

Sai da na dube shi ta madubi don in tabbatar ba zolayata yake ba. Tower of Terror lilo ne a filayen wasan kamfanin Disney. Dogon gini ne da aka yi wa kamar tsohon otal da fatalwa suka gaje, a zaunar da ku a wani ɗaki, a ja ku sama, a sako ku ƙasa kamar guga ta tsinke a rijiya. Ƙishin-ƙishin ɗin da ya tayar wa bawan Allah hankali shi ne wai na jihar Kalifoniya za a tuɓe masa wannan rigar ta otal a sa masa ta jaruman finafinan Marvel. Ba ma na nan Fulorida ba, na can wancan gefen ƙasar. Ya ce muddin suka aikata, shi da su har abada.

Da dare na kira yayana a Kano na ba shi labari. Ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Ƙoshi ne, ɗan'uwa. Ka ce masa ya zo ya yi mana kwana uku babu wuta, mu ga ko zai tuna da wani lilo." Na taya shi dariya, don a lokacin ni ma fassarar da na yi wa abin ke nan. Yau shekarun da na yi a cikin mutanen nan sun rage min wannan dariya, ko da yake ba su cinye ta duka ba.

Orlando gari ne da ke ci a ƙarƙashin lilo. Tun da aka buɗe Magic Kingdom, filin wasan Disney na farko a nan, a watan Oktoban 1971, otal-otal da gidajen abinci da mu masu tuƙin haya duk a jikinsa muke rataye. Saboda haka jita-jita a kan lilo a nan kamar jita-jitar farashin masara ce a Dawanau, kowa na da abin cewa. Kuma suna da malamanta. Akwai waɗanda sana'arsu ke nan, su kwana suna bin takardun neman izinin gini da kamfani ke shigarwa a ofisoshin hukuma, tun da kowa na da damar dubawa. Wani ya leƙa ta saman katanga ya ga an jibge ƙarafa. Wani ya ce wani ma'aikaci da ba ya so a ambaci sunansa ya raɗa masa. Kafin la'asar an yi bidiyo an ɗora a YouTube, mai bidiyon ya zaro ido ya dafe kai kamar an aiko masa da rasuwa. In maganar ta tabbata ya ce dama ya faɗa, in ba ta tabbata ba ya ce kamfani ne ya ji tsoro ya janye. Ta kowace fuska shi dai ya ci kasuwarsa.

Kamfanin kuma gum yake yi. Ni dai zatona wannan shirun na da amfani a wurinsu, don kyauta ake auna musu zafin ruwa kafin su tsoma ƙafa. Kuma dole a faɗi gaskiya, ruwan nan ba ya cika tsami banza. Na dattijon da na ɗauko ya tabbata: a watan Yulin 2016 aka sanar, a farkon Janairun 2017 aka rufe, a watan Mayu aka buɗe da sabuwar riga. Layi ya miƙe har ya fi na da. Ban sani ba ko mutumina ya cika alkawarinsa, amma na ɗauki da yawa irinsa da suka rantse suka kuma yi kaffara da tikiti.

Abin ba yau aka fara ba. A ƙarshen 1997 labari ya fito cewa za a cire wani ƙaramin lilo na wani kwaɗo mai tuƙin ganganci, Mr. Toad, wanda yake nan tun ranar da aka buɗe filin. Manya da gemunsu suka ɗinka korayen riguna, suka riƙa taruwa a ƙofar lilon suna zanga-zangar lumana, suna aika wasiƙu. Kusan shekara suka yi suna wannan. A watan Satumban 1998 aka rufe shi, aka sa lilon wata dabbar zane, Winnie the Pooh, a wurin. Amma ba kullum suke shan ƙasa ba. A Epcot, wani filin wasan Disney na nan, akwai wani ɗan dodo mai launin shuni, Figment, da aka kusa shafe shi gaba ɗaya lokacin da aka sabunta lilonsa a 1999. Ƙorafi ya yi yawa har aka sake rufe wurin a 2001, aka dawo da dodon a 2002. Shekara ashirin bayan haka, a Janairun 2022, mutane suka yi awowi a layi don sayen robar zuba gugguru mai siffarsa. Robar gugguru fa. Wannan kam ko yanzu in na tuna sai na ji muryar yayana.

Wanda ya sauya min tunani shi ne Splash Mountain, don shi ne ya shigo har cikin gidana.

Wani tsauni ne na ƙirƙira, a sa ku a kwale-kwale mai kamar gungumen itace, ruwa ya yi ta yawo da ku cikin kogo ana kiɗa, dabbobin roba masu motsi suna waƙa, daga ƙarshe a haura da ku can ƙololuwa a sako ku daga tsayin da ya kai mita 15, ku faɗa cikin sarƙaƙiyar ƙaya ku fito a jiƙe. An buɗe na Kalifoniya a 1989, na nan da na Tokiyo a 1992. Farkon hawana na tafi ne don kada a ce na zauna a gari ban taɓa ba. Ina zaune ina bin labarin da ido: wani zomo mai wayo ya bar gida, dila da wani ƙaton dabba dolo suna farautarsa, an kama shi, sai ya shiga roƙo, a yi masa komai amma don Allah kada a jefa shi cikin ƙaya. Dila ya ɗauka ya samo abin da zomo ya fi tsoro, ya wurga shi. Ashe a cikin ƙayar aka haife shi. Na ce a raina, kai, wannan ai Gizo ne ya sa kunnen zomo.

Da na bincika sai na tarar zancen ya fi yadda na zata kusa da gida. A asalin tatsuniyar, da 'yar tsanar kwalta aka kama zomon. Ya gaishe ta ba ta amsa ba, ya ji haushi ya kai mata mari, hannu ya manne, ya ƙara da ɗayan, ya kai shuri, har ya liƙe gaba ɗaya. Wallahi haka kakata ta ba mu a tsakar gida bayan sallar isha, sai dai a nata Gizo ne ke satar gyaɗa a gona, mai gona ya kafa masa 'yar tsanar danƙo. Har yanzu ina jin yadda take kwaikwayon tsamin bakin Gizo yana yi wa 'yar danƙo barazana. Irin wannan labari yana nan a wurare da yawa a Afirka ta Yamma, mutanen Gana suna ba da shi da sunan Ananse. Waɗanda aka kwasa a jiragen bauta ba a bar su sun ɗauki ko tsinke ba, amma sun tsallaka teku da tatsuniyarsu a ka.

Daga nan labarin ya bi ta hannun wasu. Wani ɗan jarida farar fata a jihar Jojiya, Joel Chandler Harris, ya ji tatsuniyoyin daga bakin bayi a wata gona da ya zauna yana saurayi, ya rubuta su a littafi a 1880, ya sa su a bakin wani tsoho baƙar fata mai suna Uncle Remus. A 1946 Disney ya yi fim da su, Song of the South. Tun a shekarar ƙungiyar NAACP mai kare haƙƙin baƙaƙen fata ta yi tir da shi, saboda ya nuna rayuwar gonakin kudu kamar wani zaman lafiya da ƙauna tsakanin ubangida da bara, kowa na murmushi yana waƙa. James Baskett, wanda ya fito a matsayin tsohon, bai halarci bikin fara nuna fim ɗin a Atlanta ba, saboda dokokin wariyar launin fata na garin a lokacin. Mutumin da daga baya aka ba lambar girmamawa ta Oscar a kan wannan rawar ke nan. Rabon da a nuna fim ɗin a sinima a Amurka tun 1986, kuma kamfanin bai taɓa sakinsa cikakke a kaset ko faifai a ƙasar ba. Da suka zo gina lilon sun san da wannan tabo, shi ya sa suka cire tsohon da duk wani ɗan Adam, suka bar dabbobi zalla, 'yar kwaltar ma suka musanya ta da amyar zuma, don sunanta ya riga ya zama zagi ga baƙar fata.

Haka aka yi shekara talatin ana hawa ana ihu, mafi yawan masu hawa ba su taɓa ganin fim ɗin ba. Lokaci-lokaci a ji raɗe-raɗin za a canza, sai ya lafa. Sai wani ɗan sanda ya kashe George Floyd, baƙar fata, a watan Mayun 2020, ƙasa ta ɗauki zafi. Aka buɗe takardar koke a intanet ana neman a sauya wa lilon riga zuwa labarin Tiana, gimbiya baƙar fata ta farko a finafinan zanen Disney, mutum sama da 20,000 suka sa hannu. Wasu suka buɗe tasu ta a bar musu abinsu, su ma dubun dubata. Ranar 25 ga Yuni kamfani ya sanar cewa za a canza, ya ƙara da cewa tun shekarar da ta gabata yake aikin. Ko haka ne ko ba haka ba, lokacin da aka zaɓa aka faɗa ya isa jawabi.

Akwai wata dattijuwa farar fata maƙwabciyarmu, mai kirki, wadda duk Sallah sai matata ta aika mata da tuwo da miyar taushe ta kuma cinye. Ranar na tarar da ita a bakin ƙofa idonta ya yi ja. Na ɗauka ciwon korona da ake fama da shi a shekarar ne ya taɓa wani nata. Ta shiga ciki ta ɗauko min hotuna, irin waɗanda na'ura ke ɗauka daidai lokacin da kwale-kwale ya sulmiyo. Ta jera su a kan tebur. Na farko ita da mijinta da yara biyu ƙanana. A hankali yaran suna tsawo, gashin mijin na raguwa, sai ga suruka, sai ga jika. A na ƙarshe babu mijin. Ta ce duk shekara in ta zauna a wannan gungumen, ƙamshin ruwan da kiɗan ba su canza ba, sai ta ji kamar in ta waiwaya za ta gan shi. Ban sami abin cewa ba sai haƙuri da na ba ta, irin wanda ake ba mai takaba. A ranar na gane cewa mutanen nan, da yawansu ba su da gidan gado. Suna tashi daga jiha zuwa jiha, gidan da aka haife su an sayar tun tuni, babu zauren kaka, babu unguwar da za ka koma a ce ga ɗan wane. Abin da ya tsaya musu wuri ɗaya shekara da shekaru, ya zama kamar mahaifa, shi ne wannan tsaunin siminti.

Sati bai zagayo ba na ɗauki wata baƙar fata 'yar Jojiya, ma'aikaciyar jinya, zancen ya taso. Ta ce ita kakarta ta ba ta labarin zomon nan a barandar gida, ba ta buƙatar kowa ya sayar mata da shi. Ta ce abin da ke ƙona mata rai shi ne yadda mutane ke zubar da hawaye a kan dila na roba, amma ba su taɓa tambayar su wane ne ke noma gonar da ake waƙar a cikinta ba. Ita ma ban sami abin cewa ba.

In an tambaye ni, canjin daidai ne. Abin da kai da kanka ka kulle a ɗaki kana jin kunyar a gani, bai kamata ka kafa masa tsauni a tsakar gida kana karɓar kuɗin kallo ba. Amma ina da nawa ƙorafin da ban ji kowa ya yi ba a cikin duk hayaniyar. Zomon ba shi da laifi. Ya girmi Harris, ya girmi Disney, na mutanen da aka zalunta ne, shi ne ma makaminsu, labarin ƙaramin da ke kayar da babba da dabara. Jakin yana can a kulle tun 1986, taiki aka fito da shi aka daka. Da an so, da an nemo jikokin masu tatsuniyar an ce su sake ba da ita da bakinsu. Sai dai wannan ba ya sayar da 'yar tsana, Tiana kuwa tana sayarwa. Kada mu yaudari kanmu, kamfani bai yi don Allah ba. Na Tokiyo, wanda wani kamfanin Japan ke gudanarwa da lasisi, yana nan da zomonsa ana hawa.

Masu kukan kuma ba duka ne irin maƙwabciyata ba. Da yawa sun fake da guzuma ne suna harbin karsana. Mutumin da bai taɓa damuwa da lilo ba sai ga shi yana kumfar baki wai ana shafe tarihin Amurka, musamman da rigima ta ɓarke tsakanin gwamnan jihar, Ron DeSantis, da kamfanin a 2022. Wasu maganganun da aka yi a kan Tiana ba sai an fassara maka ba, launinta ne ya tsone musu ido. Kuma tarihin da ake cewa an shafe, shi kansa gwanjo ne. Yawancin dabbobin da ke waƙa a na Kalifoniya an kwaso su ne daga wani wasan da aka rufe a 1988, America Sings, aka sake musu aiki. Sunan Splash ma shugaban kamfanin na lokacin, Michael Eisner, ne ya kawo shi don tallata wani fim na 'yar ruwa da ba shi da haɗi da zomo ko dila. Wato abin da ake rantsuwa da shi a matsayin na asali, shi ma a kan kabarin wani aka gina shi, kuma tabbas akwai wanda ya yi kukan wancan.

Ranar ƙarshe ta lilon zomon a nan ita ce 22 ga Janairun 2023. Layi ya haura awa uku. Mutane suna tafi, suna rungumar ma'aikata, wasu suna kuka wiwi. Washegari sai ga ruwan lilon a kwalabe da leda ana tallarsa a eBay, kasuwar intanet. Da na gaya wa yayana wannan sai ya ce to su ma suna da nasu zamzam ke nan, ya yi istigfari, ya sake fashewa da dariya.

Abin da ke ɗaure min kai game da su shi ne yadda suke cewa "namu". Lilonmu, filinmu, sun ɓata mana. Alhali tikitin yini ɗaya ya haura dala 100, kuma ranar da ba ka da ita ƙofar ba ta san ka ba. Kayan aro ne, ba ya rufe katara. Walt Disney da kansa ya faɗa tun farko cewa filin ba zai taɓa kammaluwa ba, kullum cikin sauyi zai kasance, kuma duk lokacin da za a rushe wani abu sai an ɗauko wannan magana an karanta musu. Duk da haka ihunsu na sa mai abu ya yi taka-tsantsan. Ana sanar da su ranar rufewa tun da wuri don su yi bankwana. Ana ɓoye wata 'yar alama ta tsohon a cikin sabon don masu ido su gani su ji sanyi. Ana ajiye zane-zane da kayan da aka cire a ma'ajiyar tarihi. Ba don tausayi ba, don an san mutanen nan suna lura kuma suna da baki.

A nan ne tunanina ke komawa gida, kuma ba da daɗi ba.

Mu abubuwan da muke da su namu ne na haƙiƙa, ba na wani kamfani ba. Ganuwar Kano, wadda tarihi ya ce Sarki Gijimasu ne ya fara ta kusan shekara 900 da suka wuce, a idonmu aka yi ta yankarta ana yin bulo, ana kafa shaguna da gidaje a kanta. Ƙofofi an rushe an sake su da siminti don titi ya faɗaɗa. Na taso ina hawa ganuwa ina hango gari, kuma ban tuna ranar da na ga mutum ɗari sun taru a gindinta sun ce a'a ba. Ni ma ban je ba, kada a ce ina taka nawa tudun ina hango na wani. Gidajen sinima irin su Plaza da Orion da Eldorado, inda iyayenmu da yayyenmu suka ƙarar da ƙuruciyarsu, sun shuɗe ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya yi kewarsu ma a zuci ya yi, don wa zai tashi a majalisa da rawaninsa ya ce yana kewar sinima?

Ina ganin a nan bambancin yake. Ba wai ba mu da ƙulafuci ba ne, kunyar wasa muke ji. A wurinmu wasa na yara ne, babba in ya nuna yana son abin wasa ya zubar da girma. Gidan Zoo, wanda ke nan tun zamanin Audu Bako, babu ɗan Kano na shekaruna da bai sa kayan Sallah ya je ya hau lilo ya sha rake a cikinsa ba. A 2020, shekarar da ake wannan rigima ta zomo, aka yi ta maganar gwamnati za ta ɗauke shi ta kai Tiga. An yi surutu, amma yawancin surutun a kan fili ne, wa za a yanka wa, wa zai gina kanti. Kaɗan ne suka fito suka ce wurin nan ƙuruciyarmu ce, kuma ɗan talaka da ke zuwa da kuɗin adaidaita ba zai iya zuwa Tiga ba. Labarin Gidan Zoo da ya fi zaga duniya shi ne na 2019, wai goggon biri ya haɗiye kusan naira miliyan 7, daga baya aka ce babu ma goggon biri a gidan. A fagen jita-jita kam ba a bar mu a baya ba.

Kuma kada wani ya ce ihunmu ba ya aiki. A watan Yulin 2016, watan da aka tabbatar wa dattijona mugun labarinsa, gwamnatin tarayya ta janye shirin gina alƙaryar finafinai ta naira biliyan 3 a Kofa, cikin Bebeji, bayan malamai sun yi huɗubobi jama'a kuma sun yi ca a intanet. Cikin 'yan kwanaki aka gama. Masoya kwaɗo sun yi shekara ba su samu haka ba. Ko mutum na goyon bayan janyewar ko ba ya yi, ya ga cewa in mun ɗauki abu da muhimmanci muna da murya. Da aka rushe shataletalen ƙofar gidan gwamnati a watan Yunin 2023, wanda aka gina don cikar jihar shekara 50, an yi hayaniya sosai, amma kafin mutum ya buɗe baki ka san abin da zai ce in ka dubi launin hularsa. Mun iya tashi don addini, mun iya tashi don jam'iyya. Tashi don wurin da muka yi dariya muna yara ne ba mu saba ba.

Na san amsar yayana, kuma tana da nauyi: mai neman na cefane ba ya zanga-zangar lilo. Haka ne. Amma waɗanda suka gina kanti a kan ganuwa ba mayunwata ba ne, waɗanda suka yi shiru suna kallo daga cikin motoci masu sanyi su ma haka.

An buɗe sabon lilon a nan ranar 28 ga Yunin 2024, da sunan Tiana's Bayou Adventure. Tsaunin nan ne, ruwan nan ne, faɗowar nan ce, sai dai yanzu fadamar Luwiziyana ce, Tiana na neman makaɗa cikin dabbobi don wani biki a New Orleans. An yi ta ƙorafin yana yawan tsayawa a watannin farko. Wasu kuma suka ce labarin ba shi da gishiri, kuma a nan na yarda da su. A tsohon, lokacin da ake jan ku sama cikin duhu, ga ungulaye biyu suna yi muku ba'a, ka san zomo na hannun maƙiyi, faɗowar tana da dalili. A sabon babu mugu ko ɗaya, kowa na murmushi, sai kawai ka ga an sako ka. Tatsuniyar da babu kura a cikinta, ko kakata ba za ta iya riƙe yara da ita ba.

Amma na je da 'yata, shekararta goma a lokacin. Da muka shiga kogon, ga Tiana tsaye da kayan shiga daji, tana magana tana motsa hannu kamar mai rai, yarinyar ta damƙe hannuna ta ce, "Abba, kalli gashinta." Ba ta ƙara cewa komai ba har muka fito. Ba ta san Harris ba, ba ta san 1946 ba. Nan da shekara talatin in aka ce za a cire Tiana a sa wani abu, na san wadda za ta fara ɗinka riga. A hanyar gida na ce mata ga ta nan ga ta nanku, ta yi shiru tana kallona, sai da na koya mata ta ce ta zo mu ji ta. Na ba ta Gizo da 'yar danƙo daga fitilar farko har ƙofar gida. Ta ce Gizo wawa ne, me ya sa zai mari wadda ba ta yi masa komai ba. Maƙwabciyarmu kuwa ta je ta hau sabon da jikokinta. Ta ce ba laifi. Hoton dai ba ta saya ba.

Watannin baya yayana ya turo min saƙon murya, minti shida. Filin da ke bayan makarantar firamarenmu, inda muka buga ƙwallon tsumma, inda ake kafa lilon katako da Sallah, wani ya zagaye shi da kwano, an sare tsohon durumin da ke tsakiya, an fara haƙa harsashin shaguna. Muryarsa na rawa. Yana ta lissafa min waɗanda muka yi wasa da su a wurin, wane ya rasu, wane yana Legas, a gindin bishiyar nan Baba ke tsayawa da keke ya kira mu in magariba ta yi. Ya ce da ya sani da ya je ya ɗauki ko hoto ne.

Na kira shi. Na ce, "Yaya, in aiko maka da kwalba ka ɗebo mana ƙasar wurin?"

Ya yi shiru. Can ya ce, "Kai dai ba ka da mutunci. Wannan ai daban ne." Sai kuma ya ce in bari zai duba ko masu gadin za su bar shi ya shiga.